Ƙafa ta Biyu

A ƙasan ginin wata cibiyar adana bayanan asibitoci akwai wani ɗaki marar taga wanda sanyinsa ba ya sauka, saboda na'urorin sanyi huɗu ne ke hura shi ba hutu. A tsakiyar ɗakin wata ƙatuwar kwamfuta ce tsaye, baƙa wuluk, ta fi mutum tsawo, faɗinta kamar an jera durowar kaya biyu. Ma'aikata suna ce mata Giwa. Matar da ke kula da ita kuwa, tun shekararta ta biyu a wurin aka laƙaba mata Uwar Giwa, sunan ya bi ta har gida, don maigidanta ma in yana son tsokanarta da shi yake kiranta.

Giwa ce ke riƙe da bayanan asibitoci tara. A cikinta akwai ƙananan kwamfutoci fiye da sittin waɗanda ba su da jiki, ba a taɓa su, sai dai a gan su a allo, kowacce na aikinta kamar ita kaɗai ce a duniya. Su ake kira saba. Akwai sabar kantin magani, akwai ta ba da ranar ganin likita, akwai ta hoton ƙirji da ƙashi. Duk abin da ke cikin Giwa aikin Uwar Giwa ne. Abin da ya fito waje kuma, wayoyi da suwici, wato akwatunan nan masu ƙananan fitilu da ke karɓar saƙo su tura shi inda ya dace, wannan na Dogo ne.

Dogo ya girme ta da shekara goma sha biyu. Sai ya sunkuyar da kai yake shiga ƙofar ɗakin sanyi, kullum cikin wata rigar sanyi ruwan toka da ta huje a gwiwar hannu. Kowace waya a ɗakin akwai 'yar takarda manne a wuyanta da rubutun hannunsa. Shi ya koya mata yadda ake amsa wa likitan da ya kira a fusace: a bar shi ya gama faɗansa tukuna, sannan a tambaye shi me allonsa yake nunawa. Shekara goma sha ɗaya teburinsu na kallon juna. Yana ce mata ƙanwata, tana ce masa Yaya Dogo. Matarsa ce ta zauna da ita kwana biyu a asibiti lokacin da ta haifi 'yarta ta biyu.

Matsalar ta soma ne daga sabuwar sabar da aka ce ta kafa wa ɗakunan gwajin jini. Da yake likita ba ya iya jira a kan sakamakon jini, sai ta ba sabar ƙafa biyu, wato hanyoyin fita biyu da aka ɗaure suka zama ɗaya. Ta farko ce ke aiki kullum. In ta yanke, ta biyu ta ɗauka nan take, ba wanda zai ji ko motsi. Kowace ƙafa tana da suwicinta a wajen Dogo. Sannan duk saƙon da zai fita sai an manna masa tambari, lambar da ke nuna layinsa, don kada bayanan jini su cakuɗe da na magani. Lambar ɗakin gwaji 241 ce. Kafin saƙo ya bar cikin Giwa kuma, kowace ƙafa tana ratsa wata ƙofa ta ciki, wadda ke da jerin lambobin da aka yarda su wuce. Ita da hannunta ta rubuta jerin na ƙofofin biyu.

Abu ɗaya ya rage, gwaji. Ƙa'ida ita ce a zare wayar ƙafa ta farko da hannu, a ga ko ta biyu ta ɗauka. Ranar Alhamis da misalin ƙarfe biyu ta ɗauko takardar gwajin ke nan aka kira ta daga makaranta: 'yarta ƙarama ta faɗo daga matattakala, haɓarta ta tsage, ana neman uwarta. Ta duba allo a tsaye, jaka a kafaɗa. Ƙafa ta farko a raye, ta biyu ma a raye. Ta sa alama a gurbin da aka rubuta an gwada, ta rattaba hannu, ta ce a ranta ranar Litinin za ta zare wayar don ta tabbatar. A bakin ƙofa Dogo ya tambaye ta ko an gama, ta ce masa komai lafiya lau, ta fice da gudu. An yi wa yarinyar ɗinki huɗu. Litinin ta zo da nata rikicin, Talata ma haka, maganar waya ta bi ruwa.

Bayan mako uku Dogo ya sanar cewa zai kashe suwici na farko na minti ashirin don ya sabunta manhajarsa. Hankalinsa kwance ya yi aikin da hantsi, tunda an ce masa akwai ƙafa ta biyu. Kafin ya ajiye kofin shayinsa wayoyin ofis uku suka ɗauki ƙara lokaci guda. Asibitoci tara, ba wanda ke ganin sakamakon jini. Suwicin na dawowa, komai ya dawo.

Ya zo ya tsaya a kanta, ya dafa teburin da dogayen hannuwansa.

"Ƙanwata, kin tabbata ƙafa ta biyu tana ɗauka?"

Ta juyo masa da allon. Rahoton sabar ya nuna cewa ƙafa ta farko na yankewa, cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya aiki ya koma kan ta biyu. Ta ce masa ga shi nan baƙi da fari, nata ya yi aikinsa, saƙo ya fita, a wajensa ya ɓace. A lokacin maganar wayar da ba ta zare ba ta faɗo mata a rai, amma ta kore ta. Ai ga rahoto ya nuna an koma kan ta biyu, me zare waya zai ƙara?

Dogo ya yi kwana biyu a kan suwici na biyu, ya bi saitinsa layi-layi. Lamba 241 tana nan cikin waɗanda aka buɗe wa hanya. Ya canza waya, ya canza kafar da take shiga, bai ga komai ba. A rana ta uku ya roƙe ta su sauka tare su zare wayar farko, shi yana kallon waje ita tana kallon ciki, minti biyar kacal. Ta ce asibitoci ba su huce ba tukuna, Manaja ba zai ba da izinin a sake yanke musu aiki ba, kuma ita ba ta ga abin da za a gwada a ɓangarenta ba. Ta faɗi hakan tana ci gaba da danne-danne, ba ta ɗago ba. Ya ce to, ya koma kujerarsa.

Bayan wata ɗaya abin wutar suwici na farko ya soma ƙauri, dole Dogo ya kashe shi tsakar rana ya canza. Wannan karon minti hamsin aka yi. A wani asibiti an riga an kwantar da wata tsohuwa za a yi mata aiki, likita yana jiran sakamakon jininta, sai da aka tura mutum da ƙafa ya karɓo a takarda. Aikin ya yi kyau, amma shugaban asibitin ya rubuto wasiƙa mai shafi biyu, kowane layi da zafinsa.

Manaja sabo ne, bai cika shekara ba, mutum mai son komai a jere a takarda. Ya kira taro a ɗakin sama, mutum takwas kewaye da dogon tebur. Ya haska ranaku biyu a bango, a gefen kowacce ya rubuta aikin da Dogo ya yi. Ya ce shi ba injiniya ba ne, amma ko yaro ya ga cewa duk ranar da aka taɓa suwici ranar ake shiga uku. Dogo ya yi bayani a tsanake, cewa ai dalilin ƙafa biyu ke nan, don a iya taɓa ɗaya ba tare da an ji ba. Sai Manaja ya juyo wajenta.

"Uwar Giwa, an gwada ƙafafun nan ko ba a gwada ba?"

Takardar tana gabansa, da sa hannunta.

"An gwada, yallaɓai. Ga shi nan a rubuce."

Dogo ya gyara zama ya ce akwai abin da ya lura da shi. Suwici na biyu yana ƙirga duk saƙon da ya shigo masa, kuma tun ranar da aka kafa sabar bai taɓa ganin saƙo ko ɗaya mai tambarin 241 ba. Sifili ne. Manaja ya buɗe hannuwa ya ce to ai shi ke nan, Dogo da bakinsa ya faɗa, suwicinsa ne makaho. Mutum biyu suka yi dariya.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta san abin da sifilin nan zai iya nufi: wataƙila saƙon bai taɓa barin cikin Giwa ba. Ta ji idon Dogo a kanta, ba da zargi ba, kamar mai jiran abokin aiki ya ɗora daga inda ya tsaya. Magana ɗaya ce: a ba mu minti biyar mu gwada. Amma in ta faɗa, za a tambayi me ya sa za a sake gwada abin da ta ce ta gwada. Ita kaɗai ce mace a sashen, ta san akwai waɗanda suka yi shekaru suna jiran ranar da za ta yi tuntuɓe. Ga kuma kujerar shugaban sashe da za ta zama babu kowa a ƙarshen shekara, sunanta ne a bakin kowa. Ta ƙura wa murfin bironta ido, ba ta ce uffan ba har aka tashi.

Ba a kori Dogo ba. An dai cire katinsa daga ƙofar ɗakin sanyi, aka mayar da shi teburin amsa kira a hawa na ɗaya, wurin waɗanda suka manta kalmar sirri da waɗanda na'urar buga takarda ta cinye musu takarda. Wani kamfani na waje ya karɓi aikin wayoyi, suka cire suwici na biyu suka kafa sabo fil, suka ce an magance matsalar. In sun haɗu a matattakala yana gaishe ta kamar kullum, ya tambayi yara. Ita ce ta koma hawa lif don kada su haɗu. Wata biyu ya yi a wurin ya ajiye aiki. Aka yi masa 'yar liyafa da lemo da biskit, ta ba shi kyautar filas ɗin shayi, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya.

A gida maigidanta, wanda malamin lissafi ne a sakandare, ya tambaye ta sau biyu me ya sa aka daina ganin su Dogo, ko giwa ce ta take zumunci. Ta ce aiki ne ya yi wa kowa yawa. Ya dube ta ta saman tabarau, ya bar zancen. Ƙarshen shekara aka ba ta kujerar shugaban sashe. Da yake ba wanda ya sake taɓa suwici na farko, sabar jini ta yi wata biyar ba ko tari, har ita kanta ta soma yarda cewa tsohon suwicin ne mai laifi.

Wata Laraba da ƙarfe goma na safe masu gyaran wuta suka kashe layin da ba shi aka ce su kashe ba, suwici na farko ya mutu. Wayoyi suka ɗauki ƙara. Ta sauka ɗakin sanyi ko rigar sanyi ba ta ɗauka ba, ta ja kujera gaban allo.

Ta bi abin daki-daki. Ƙafa ta farko a mace, wannan an sani. Aiki ya koma kan ta biyu, ta biyu a raye. Ta aika saƙon gwaji daga cikin sabar zuwa ɗakin gwajin asibiti mafi kusa, ba amsa. Ta kashe ƙafar ta sake kunna ta, shiru. Ta kira injiniyan kamfanin waje, ya ce suwicinsu lafiyarsa ƙalau, waya a haɗe, fitila kore, lamba 241 a buɗe. Ta ce ya duba ƙirgen saƙonnin da suka shigo da wannan tambarin. Ta ji yana danne-danne, sannan ya ce abin mamaki, sifili ne, tun ranar da suka kafa shi.

Ta buɗe abin da ke nuna saƙonni a daidai lokacin da suke barin sabar. Ga su nan suna fita ɗaya bayan ɗaya, kowanne da 241 a goshinsa. Suna barin saba, ba sa isa suwici. Tsakanin saba da suwici kuwa abu ɗaya ne kawai, ƙofar ciki, wadda ba mai taɓa ta sai ita. Ta buɗe jerin ƙofa ta farko: 241. Ta buɗe na ta biyu, ta bi da yatsa a kan allon. 214. A gefe ga sunan wanda ya rubuta da kwanan wata, nata ne. Ƙofar ba ta lalace ba, abin da aka ce mata take yi. Duk saƙon da ya zo da 241 sai ta duba jerinta, ba ta gan shi ba, ta zubar da shi shiru, ƙafar kuma tana nuna a raye take.

Gyaran bai kai minti ɗaya ba. Ta goge lamba uku ta rubuta lamba uku. Kafin ta janye hannunta injiniyan ya ce a waya ga saƙonni suna shigowa kamar ruwa. A sama ta ji wayoyi suna yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Da ta hau, ma'aikata suka tafa mata, Manaja ya ce a gaban kowa wannan ita ce shugabar da ya zaɓa, minti goma sha takwas, suwici na farko ma bai dawo ba tukuna. Ta yi murmushin da ba ta san yadda ya fito ba, ta shiga ofishinta ta rufe ƙofa, ta zauna.

A ranar ta rubuta rahoto. Ta sa komai: lambar da ta juya, wayar da ba ta zare ba, takardar da ta sa wa hannu, roƙon da Dogo ya yi mata, da abin da ya faɗa a taro wanda shi ne gaskiya. Manaja ya karanta a tsaye, sannan ya zauna ya sake karantawa. Ya ce mata an riga an rubuta wa asibitoci tara cewa suwici ne, an ba kamfanin waje kwangilar shekara uku, shi da kansa ya tsaya mata a kan kujerar nan. A rubuta an gano kuskuren saiti an gyara, ya wadatar. Ta ce ba za ta sa hannu a kan wannan ba, ta riga ta sa hannu a kan ƙarya sau ɗaya. Suka yi ta ja har kusan tashi. A ƙarshe ya yarda a ba ta takardar gargaɗi, a kuma rubuta wa Dogo wasiƙar da ta wanke shi. Maganar dawo da shi kuwa, ya ce gurbin babu shi kuma. Sai da ta yi mako uku tana zarya kafin wasiƙar ta fito.

Maigidanta ta gaya wa da yammar ranar da wasiƙar ta fito, yana gyara takardun jarrabawa a teburin cin abinci. Ya saurare ta har ƙarshe bai katse ta ba. Ya rufe jan bironsa, ya ce kada ta aika wasiƙar, ta kai da ƙafarta. Ya ce zai kai ta, amma a mota zai jira.

Ranar Asabar da hantsi suka je. Matar Dogo ce ta buɗe ƙofa. Ta amsa gaisuwa yadda ya kamata, ta shigar da ita falo, ta kawo ruwa a faranti, amma ba ta zauna ba. Ta ce baban yara ya fita sa wayoyi a wata makaranta, yanzu aikin da yake yi ke nan, shi da tsani da mota, ya kusa dawowa. Uwar Giwa ta ce ta zo da magana ne, ta soma bayani. Matar ta saurara a tsaye, hannu a naɗe a ƙirji.

"Anti, ni ce na yi kuskuren. Ba shi ba ne."

"Kin san abin da ya yi wata biyun nan kafin ya ajiye aiki?" matar ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ya bugo saitin akwatin nan a takarda ya kawo gida. Kullum in ya dawo sai ya ɗora rula a kai yana bi layi-layi. Ya ce tunda ke kin ce kin gwada, to shi ne ya makance. Har asibitin ido ya je aka duba shi. Ya ce mini wataƙila tsufa ne ya zo bai sani ba."

Uwar Giwa ta riƙe kofin ruwan ba ta sha ba, har suka ji tsayuwar mota da ƙarar sauke tsani.

Dogo ya shigo da ƙurar bango a gashinsa, ya rame kaɗan. Ya yi mamakin ganinta, ya yi mata maraba, ya tambayi maigida da yara, ya zauna a kujerar da ke nesa. Ta maimaita masa komai daga farko, ba ta rage ba, ta miƙa masa wasiƙar. Bai buɗe ba tukuna.

"Wace lamba kika rubuta?"

"Ɗari biyu da sha huɗu."

Ya yi 'yar dariya ta hanci, ya girgiza kai. Ya ce ai wannan kuskuren yatsa ne, ba wanda bai taɓa yi ba. Shi kansa a shekararsa ta farko ya taɓa zare wayar da ba ita ba, ya kashe wa asibiti guda aiki rabin yini. Har ya tambaye ta yadda ta gano, ta faɗa masa, ya ce haka ake yi, a bi saƙon a ga inda ya tsaya. Ta ɗan ji sauƙi, ta ɗauka maganar ta wuce. Sai ya ajiye wasiƙar a gwiwarsa.

"Abu ɗaya zan tambaye ki. Ranar taron nan, da Manaja ya tambaye ki, kin manta ne ba ki zare wayar ba, ko kina sane?"

Tana iya cewa ta manta. Zai yarda, ta san zai yarda.

"Ina sane, Yaya Dogo."

Ya gyaɗa kai a hankali. Matarsa ta juya ta shiga kicin.

"Ni lambar ba ta dame ni ba," ya ce daga baya. "Minti biyar na roƙe ki. Da kin ce mini a kunne ba ki gwada ba, da mun sauka mun gyara, da ba wanda ya ji. Ni zan kai ki wajen Manaja? Ni?"

Hawaye suka zubo mata, ta ce ya yafe mata. Ya ce ya yafe, duniya da lahira, kada ta sa abin a ranta. Ya buɗe wasiƙar ya karanta har ƙarshe, ya ninke ta yadda take, ya ce an gode, ko ba komai zai nuna wa yara. Ta ce za ta yi iya ƙoƙarinta a nemo masa wani gurbi a cibiyar. Ya ce a'a, ta bar shi, ya saba da tsaninsa, kuma gwiwoyinsa sun fi son zafi a kan sanyin ɗakin nan. Ya raka ta har mota, ya sunkuya ya gaisa da maigidanta ta taga, suka yi 'yar hira a kan cunkoson hanya. A hanyar komawa maigidan ya miƙa mata hankicinsa.

Ta ci gaba da shugabancin sashen, kuma ta iya aikin. Ta kafa doka cewa ba a sa hannu a takardar gwaji sai mutum biyu, ɗaya ya zare waya ɗaya ya kalli allo. Sababbin ma'aikata suna ganin tsaurin ya yi yawa, ita kuma duk wanda ya tambaya sai ta ba shi labarin yadda yake, da sunanta a ciki. Sau uku ta tura wa Dogo ƙananan asibitoci masu neman wanda zai sa musu wayoyi. Ya karɓi ɗaya, biyun ya ce hannunsa a cike yake. In ta kira yana ɗauka, ya amsa da ladabi, hirar ba ta wuce minti biyu. Da babbar 'yarsa ta gama jami'a, a bakin wani direban ofis ta ji, bayan mako biyu.

Bayan shekara ɗaya da wani abu ta shiga wani shagon kayan wuta neman ƙwan fitila, sai ta hango kansa ya zarce na kowa a gaban kantar shagon, yana gwada wata waya da farce. Ta yi masa sallama, ya juyo da fara'a. Ya tambayi ƙaramar 'yarta aji nawa take yanzu, ta faɗa masa, ya ce ikon Allah, yara ba sa jira. Ta tambayi Anti, ya ce tana lafiya, za ta ji. Ta buɗe baki za ta ce su zo gida wata Asabar kamar da, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ce masu aiki ne ke jiransa a wani shago, ta gaida gida. Ya saɓa naɗin wayar a kafaɗa ya fita. Ta tsaya a bakin ƙofar shagon tana kallonsa yana tsallaka titi tsakanin motoci, har mai shago ya tambaye ta ƙwan fari take so ko mai ruwan ɗorawa.